Salatif a Kunnen Karima

Magajin Gari,
Birnin Gwari.

Zuwa ga Yaya Ladan, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ƙanwa zuwa ga babban wanta, cike da ladabi da marmarin ganin fuska. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Rabi'atu da yara baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwar nan da ka ce yana hana ka durƙuso a salla? Allah ya kawo sauƙi, ya sa kaffara ne, ya ƙara maka ƙarfin ɗaukar ɗawainiyarmu da ba ka taɓa gajiya da ita ba. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Damina ta yi kyau, masara ta nuna har mun gaji da gasawa, dawa kuma ta fara fid da kai. Inna tana nan da sauran ƙarfinta, ƙafa ce kawai ta yi nauyi, amma baki kam bai tsufa ba, jiya ma sai da ta wanke mai kayan miya tas a kan tattasai.

Na san za ka ce me ya hana ni kira a waya. To, ka san wayar garin nan, yau akwai gobe babu. Ban da haka kuma, Yaya, kada ka yi fushi, kai in ka kama magana a waya ba ka barin kowa ya jefa tasa, sai dai mutum ya yi ta cewa to, to, har kati ya ƙare. A takarda dai dole ka saurare ni har in kai aya. Maganar Karima ce, 'yar ƙanenmu Hamza. Hamza ya gaya mana hukuncin da ka yanke, cewa tunda yarinya ta ƙi na'urar jin da ka sa aka yi mata, to bayan girbi za ka turo Yaya Rabi'atu ta ɗauke ta, a sa ta a makarantar kurame ta kwana da ke kusa da ku. Hamza ba zai iya musa maka ba, kai ne uba gare mu tun rasuwar Baba. Amma tun ranar uwarta Muslimat ba ta ƙara cin abin kirki ba, sai ta zauna ta zuba wa yarinyar ido tana share hawaye da bakin zane. Ni na zo roƙo ne a bar mana Karima a gida, kuma ba da baki kawai na zo ba, ina da abin da zan gaya maka wanda bai kai kunnenka ba.

Ka dai tuna yadda take kafin sanƙarau ya kama ta, tana 'yar shekara uku, surutu kamar kanari, har Inna na cewa a toshe mata baki da tuwo. Ciwo ya tafi da yawancin jinta, kalmomi kuma suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya har aka wayi gari sai nuni da hannu. Ranar da suka dawo daga asibitin Kaduna da 'yan na'urorin nan biyu a bayan kunnuwanta, wallahi gidanmu kamar ana suna. Muslimat ta buga cokali a kwano, yarinya ta zabura ta juyo, kowa ya sa kabbara. Kwanakin farko ta riƙa yawo da su tana taɓa komai ta ji ƙararsa, ƙofa, bokiti, wuyan akuya. Sai kuma abu ya juye. Da an nufo ta da su sai ta sa ihu ta ruga bayan ɗaki. In an danne ta an sa mata, sai ta dafe kai ta durƙusa, can ta fizge ta jefar. Rannan ma ɓacewa suka yi, muka juye gidan nan kaf ba mu gani ba, ashe ta je ta cusa su ƙarƙashin kazar Inna mai kwanci, wadda ko Hamza ba ya iya kai mata hannu. Ka ji wayon yarinyar da ake cewa ba ta gane komai.

Nan fa bakuna suka buɗe. Wasu suka ce taurin kai ne na gado, suna kallona. Wasu suka ce kayan Turawa ba su karɓe ta ba. Wata tsohuwa ma ta ce iska ce ba ta son ƙarfe a jikin yarinyar, a nemo hayaƙi. Hamza kuwa ya dage, kullum da safe shi ke kama ta, ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, ya sa mata da ƙarfi, tana kuka yana haɗe rai. Har ta kai in ta hango shi ya shigo gida sai ta ɓuya bayan uwarta. Wannan shi ya fi ci mini rai, don ka san a da ba ta da kamar ubanta, a wuyansa take zuwa gona. Wannan labarin ne ya iso gare ka, kuma ban ga laifinka ba da ka ce tunda abu ya ƙi a sake dabara.

To, ga abin da ya faru bayan nan. Wata ranar Laraba da hantsi na zaunar da ita zan yi mata kitso. Na zare na'urorin na ajiye a cinyata, sai na lura an naɗe bayan kowacce da baƙin salatif, irin wanda masu gyaran wuta ke naɗe waya da shi. Na tambayi Muslimat, ta ce Hamza ne ya naɗe tun makon farko, ita ta ɗauka don kada gumi ya shiga ne. Ka san ni da karambani. Na warware, sai ga ɗan abin murzawa kamar na rediyo an kai shi ƙurewa, da ɗan maɓalli a gefensa da aka rufe ruf don kada hannu ya taɓa shi. Na ce bari in ji abin da 'yar nan ke ji. Na kanga ɗaya a kunnena, ko cusawa ban yi ba, daidai lokacin maƙwabciyarmu Lydia ta tada injin markaɗenta a bayan katanga. Innalillahi! Yaya, sai da na ga wuta a idona. Injin, zakara, tabarya daga gidan gaba, babur a kan layi, duk suka haɗu suka zama abu guda suna dukan kaina. Muslimat na gabana tana magana, ina ganin bakinta na motsi, amma ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Na dubi Karima da rabin kai a tsefe, na ce Allah sarki, ashe wannan muke cusa miki kullum muna cewa ba ki da godiya. Kitson da ban ƙarasa ba ke nan ran nan.

Da la'asar Hamza ya dawo daga gona, ko ruwa ban bari ya sha ba na tare shi a zaure. Na faɗa masa maganganu, ba zan ɓoye maka ba, wasu ma ba su dace da babbar yaya ba. Na ce wace irin mugunta ce wannan, wa ya mai da shi likita, ko so yake ya ƙarasa ɗan jin da ya rage mata. Ina jira ya taso mini kamar yadda ya saba, sai na ga ya jingina fartanyarsa, ya zauna a dakali, ya sunkuyar da kai. Ya ce ranar da aka sa mata na'urar, malamar asibiti, Malama Susan, ta yi musu bayani cewa maɓallin nan yana da zama biyu. Ɗaya yana shigo da kowace ƙara yadda take, ɗayan kuma yana danne hayaniya irin ta inji da mota da babur don maganar mutum ta fito. Ta so ta kulle shi a kwamfuta yadda ake yi wa yara, shi ya roƙe ta ta bari a buɗe, bai kuwa gaya mata dalili ba. Ya ce shi daga duk bayanin nan kalma ɗaya ce ta tsaya masa a rai, wato babur. Kwana kaɗan da isowarsu gida ya mai da maɓallin inda ba ya rage komai, ya murɗe ƙarar har ƙarshe, ya naɗe.

Ka san ranar da mutanen daji suka shigo ƙauyenmu na bakin dajin Kamuku, wadda ta sa muka kwaso muka dawo cikin gari. Kai da ni duk abin da muka sani shi ne Allah ya kiyaye, kowa ya fita lafiya. Ashe akwai saura. Hamza ya ce da rana tsaka ce, kowa ya ji rurin babura daga nesa, kowa ya yi ta kansa, don mu a can kunne shi ne mai gadi, kafin ka ga ƙura ka riga ka ji ƙara. Sai da suka shiga cikin dawa shi da Muslimat suka ga ba Karima. Ya koma yana ƙwala kiran sunanta, alhali ya san ba ji take ba. Ya same ta a bayan rumbu ta goya totuwar masara tana wasanta, babura sun riga sun kai bakin rafi. Da ta gan shi sai ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗauka wasan ɓuya ake yi. Ya sungume ta ya faɗa cikin dawa, ya kwanta a kanta, ya toshe mata baki da tafin hannunsa, don ba ta san ƙarfin muryarta ba. Ya ce har mutanen suka wuce hannunsa na kan bakinta, tana cizonsa, yana jin numfashinta na raguwa, kuma bai isa ya saki ba. Bai taɓa gaya wa kowa ba, ko Muslimat. Ya ce mini tun ranar ya yi alkawari tsakaninsa da Allah, in dai 'yarsa ta sami abin ji, to babur ne farkon abin da za ta ji, kuma ba wanda zai rage mata shi. Ni da na zo da faɗa, Yaya, sai ga ni zaune kusa da shi muna kuka mu biyu kamar yara. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake.

Duk da haka na ce masa garin neman gira za mu rasa ido, dole mu koma Kaduna. Ya yi ta ja da baya, kunya yake ji, na ce ko da ƙafa ne sai mun je. Muka bi motar safe ni da shi da yarinyar, kowa da addu'arsa a baki kamar yadda aka saba a hanyar nan, Allah kuma ya kai mu lafiya. Na zaci Malama Susan za ta yi masa tas, ni ma na shirya in taya ta. Ina! Da ya gama ba ta labari, matar nan sai ta ce ita ma uwa ce, kuma da ya gaya mata tun farko da ta yi masa bayani ta wata hanya. Ta sake auna kunnen Karima, ta ce alhamdu lillahi bai ƙara lalacewa ba, wataƙila don yarinyar ta riƙa fizgewa, wato ita ce ta ceci kanta. Sannan ta ce masa na'urar ba ta goge ƙarar babur, ba ta da wannan ikon, sassauta ta kawai take yi, za a ji ta sarai amma ba za ta binne maganar mutum ba. Ta ce mu masu lafiyar kunne kanmu ne ke tace hayaniya ba mu sani ba, shi ya sa uwa ke tsintar kukan ɗanta a tsakiyar kasuwa. Yaron da ya daɗe ba ya ji kuwa bai koyi wannan tacewar ba, komai ruɗu ɗaya yake zuwar masa, sai an taimaka masa. Ta tambaye shi, in Allah ya kiyaye irin waccan ranar ta sake zuwa, me ƙaramar yarinya za ta yi da ƙarar babur, ta san ina za ta nufa? Ta ce abin da zai cece ta shi ne ta ji muryar ubanta yana kiranta ta san ta ina take fitowa, kuma yadda ya murɗe na'urar, muryarsa ce farkon abin da hayaniya za ta cinye.

Ta gyara na'urorin a kwamfuta, ta kulle maɓallin da abin murzawar, wannan karon da yardarsa. Ta ce kada a ƙara danne yarinyar, a bari ta sa da kanta kaɗan kaɗan, a fara a ɗaki inda ba ƙara. Ta hana mu ɗaga mata murya yadda muka saba, ta ce a matso kusa, a bari ta ga fuska, a yi magana kamar yadda ake yi da kowa. Ta kuma ce kada mu hana ta maganar hannunta, wannan ma harshe ne, su tafi tare. Muka dawo gida muka bi abin da ta ce. Da farko ko kallonsu Karima ba ta yi, sai Muslimat ta riƙa ajiye su a faranti kusa da ita ta yi kamar ta manta. Da na ba Lydia labari, baiwar Allah nan da kanta ta ce za ta riƙa jinkirta tada inji da safe har yarinyar ta saba. Sannu ba ta hana zuwa. Wata safiya muka ga ta ɗauki ɗaya ta kanga a kunne tana jiran dukan da ta saba sha, ba ta ji shi ba, sai ta miƙa wa uwarta ta sa mata.

Amma Hamza ka san shi, zuciyar Baba ce da shi kamar kai, bai yarda da abin da bai gani ba. Ranar kasuwa ya ce in riƙo hannun Karima mu je bakin tasha, inda 'yan acaba ke taruwa. Wurin nan ko mai lafiya sai ya yi ihu ake jinsa, ga babura, ga masu lodin buhuna, ga lasifikar mai magani. Na tsaya da ita gaban mai rake, bayanta na wajen titi. Wani babur ya wuce da gudu, na ga ta ɗan karkata kai ta bi shi da ido, ba ta dafe kunne ba, ba ta firgita ba. Hamza ya zagaya ta bayanmu ya tsaya can wajen masu faci. Ina kallonsa ta wutsiyar ido, ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe, tsoro yake ji. Can ya daure ya kira sunanta, ba da ihu ba, kira irin na uba. Yaya, ta waiwaya. Ba waige-waige ta yi ba, kai tsaye ta juya inda yake, ta saki hannuna ta nufe shi. Ƙaton mutumin nan ya durƙusa a cikin taɓo a gaban 'yan acaba, ya rungume ta yana shessheƙa, mutane suka taru suna tambaya ko rasuwa aka yi. Mai rake ne ya riƙa cewa a ba su wuri.

Ba zan yi maka ƙarya in ce ta warke ba. Kunnen da ciwo ya taɓa ya taɓu, Malama Susan ma ta gaya mana haka. In mutane da yawa na magana lokaci guda takan ɓace, in ta gaji takan cire ta ajiye, kuma ba mai hana ta. Maganarta a tauye take, sai wanda ya saba ke ganewa. Amma kalmomi sun fara dawowa. Tana cewa ruwa, tana cewa Inna, tana korar kaza da sunanta. Akwai komawa asibiti nan gaba don a ƙara dubawa, kuma malamar ta ce wannan lokacin da take tsintar magana, ba abin da ya fi mata amfani kamar muryoyin da ta sani tun tana goye, ana yi mata su daga safe har yamma, a wajen wanka, a wajen tuwo, a wajen kitso.

Shi ya sa nake roƙonka, don Allah don Annabi, ka janye maganar ɗauke ta. Ban raina makarantar da ka samo ba, na san alheri ka nufa, kuma in nan gaba aka ga ita ce ta fi mata, ni da kaina zan rako ta har Fatakwal. Amma hukuncin da ka yanke ka yanke shi ne a kan cewa yarinya ta ƙi na'ura, ita kuwa ba na'ura ta ƙi ba, azaba ta ƙi. In aka ɗauke ta yanzu, Muslimat ba za ta yi musu ba, amma ban san abin da zai rage daga gare ta ba. Hamza kuma bai daɗe da samun 'yarsa ta daina gudunsa ba. Kada ka yi masa faɗa a kan salatif ɗin nan, na riga na yi maka naka har da ƙari. In ka kira shi, ka tambaye shi gona kawai, sauran zai faɗa maka da kansa in ya shirya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma kai ne babba, abin da ka ce shi za a yi.

Inna tana gaishe ka ƙwarai, ta ce a gaya maka man zafin da ka aiko ya ƙare. Hamza da Muslimat suna gaisuwa da ban girma. Gwaggo Naomi ta zo daga ƙauye makon jiya, ta ce suna sa ku a addu'a a majami'arsu, kuma in ka zo kada ka wuce ba ka leƙa ta ba. Kawu Yero yana gaisuwa, shanunsa sun yi kyau bana. Ka gaishe mini da Yaya Rabi'atu, ka ce mata ba ƙin zuwanta nake ba, ta zo ta ci sabuwar dawa ta koma hannu biyu da tsaraba. Ka shafa mini kan Suhaibu da ƙannensa.

Saura Karima. Tun ranar tasha Hamza ya ɗauki wata ɗabi'a, ba ya wuce ta sai ya kira sunanta. Daga bayan ɗaki, daga zaure, daga kan katanga, ba don yana da abin faɗa ba, don dai ya ga ta juyo. Yau da rana ina zaune ina rubuta maka wannan, tana gefena tana cin ɗumame, ya laɓe bayan ƙofa ya kira, ta juya. Ta koma kan kwanonta ya sake kira, ta sake juyawa. Da ya ƙara, sai 'yar nan ta ajiye lomarta, ta ɓata fuska irin ta Inna, ta ɗaga murya ta ce masa wai ta ji mana. Hamza ya fita waje da sauri, har yanzu bai shigo ba.

Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ina jiran amsarka kafin a fara yankan dawa.

Ƙanwarka mai yawan baki,
Huraira.